Wajen Masta a Aboabo: aski ba magana, mutanen benci ne sai haƙuri

Ƙanin wani abokina da aiki ya dawo da shi Kumasi daga Nima ya tsare ni ranar Juma'a bayan an sauko masallaci wai dan Allah ina nake aski, shi dai wata biyu kenan duk shagon da ya shiga sai an cinye mishi gaban goshi. Nace zan kai ka wajen mutumina amma fa akwai bayani. Toh bayanin ne yaƙi ƙarewa a tsaye, shi yasa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya.

Shagon yana Aboabo, in ka sauka a tashar motocin arewa sai ka shiga ta baya ka bi lungu, kwantena ce ƙarama ba allo ba suna, kowa wajen Masta kawai yake cewa, in ka tambayi duk wani ɗan pragya (mai keken haya mai ƙafa uku) a wajen zai nuna maka. Shekara ta shida kenan ba wanda ya taɓa kaina sai shi ko yaron shi. Babba sidi 25, yaro sidi 15, gyaran gemu kaɗai sidi 10, in kana son baƙin rini a ɓoye furfura wannan kuma ciniki ne tsakanin ku. Yana karɓan momo (kuɗi ta waya), kuma baya ɓata rai in kace sai ƙarshen wata, ni dai ya sha ɗaga min.

Hannun shi kam Allah ya bashi. Layin goshi yake cirewa kaman da rula, baya tura shi baya, kuma baya danna inji a ƙeya har ta yi ƙuraje. Gado ne ma, kakan shi wanzami ne da ya biyo fataken goro daga Kano ya zauna a nan, har yanzu tsohuwar zabirar kakan da ƙahon da yake yi ma mutane ƙaho suna rataye a bango saman madubi. Ai ko Asantawa wanzam suke ce ma mai kaciya, daga bakin mu suka ɗauka. Tsafta ma ba laifi, a gaban ka zai ɓare sabuwar reza, ya goge bakin inji da sipirit ya saka a akwatin nan mai shuɗiyar fitila, tawul kuma ba ɗaya bane ake yawo da shi kan kowa tun safe. Wannan ba ƙaramin abu bane don ciwon hanta ta jini yake bi, reza ɗaya kan mutum biyar ta isa. In aka yi dumso, wato aka ɗauke wuta, yana da inji na caji guda biyu da fitilar sola, ba a taɓa barina da rabin kai ba.

Abun da ban so ba a ɓangaren aiki kaɗan ne. Fanka ɗaya ce, watan Maris in ka zauna a ciki kaman gasa ka ake yi. Layi ba ƙa'ida, Alhaji in ya shigo da babbar riga ya ce yana sauri sai ka ga an tsallake ka, Masta baya iya ce ma babba a'a. Safiyar Juma'a da yammacin Asabar da jajibirin Sallah kar ma ka fara sai in baka da aikin yi. Yaron shagon kuma ya iya aski amma waya na kunnen shi rabin lokaci.

Yanzu bari in zo kan benci, don shi ne asalin bayanin.

Akwai dogon benci a ƙofar shagon da wani a ciki, kuma akwai mutanen da ba aski ya kawo su ba, nan ne bes ɗin su. Ana dafa ataya (shayi), ana musun ƙwallon Kotoko da Hearts, daren Champions League kuwa ko wajen tsayuwa babu. Mutanen kirki ne wallahi yawancin su, in aka yi maka rasuwa su ne farkon zuwa haƙa kabari, in suna ne su ne masu kafa kanofi. Amma bakin su akan abun da ake kira namiji, nan ne matsala ta take, kuma sai da abu ya taɓa gidana na gane.

Yarona yana shekara huɗu na fara kai shi a yi mishi da inji, da can uwar shi ke rage mishi da almakashi. Ana kunna inji kusa da kunnen shi ya fashe da kuka, abun da kowane yaro zai yi. Kafin in buɗe baki wani daga benci ya daka mishi tsawa, kai! mace ce kai? Wani ya ƙara da Asantanci, barima nsu, wato namiji baya kuka, aka kwashe da dariya, wani har yana cewa a kawo ɗankwali a ɗaura mishi. Ni kuma, kuma wannan shi ne abun da har yau yake cina, maimakon in rungume ɗana sai kunya ta kama ni a gaban maza, na riƙe mishi kai da ƙarfi nace yi min shiru, maza basa kuka. Masta ne ya kashe injin. Bai ce ma kowa komai ba, ya durƙusa ya ɗora injin a tafin hannun yaron ya kunna ya ce ji, cakulkuli ne kawai, ya ɗora a nashi gemun, ya bashi ya riƙe, sai da aka yi kusan minti goma ana wannan wasan mutane na jira suna tsaki, sannan ya yi mishi askin tas yaro na dariya.

Na ɗauka magana ta wuce. Bayan kaman wata uku yaron nan ya taka tsohon kwano a bayan gida ya yanke a ƙasan ƙafa, ya saka silifas ɗin shi ya yi shiru, kwana biyu yana ɗingishi yana ɓoyewa sai da ƙafa ta kumbura ta fara ruwa jiki ya yi zafi uwar ta gani wajen wanka. Muka kwashe shi sai asibiti, allurar tetanus, wankin ciwo, sati guda ba makaranta. Uwar tana tambayar shi me yasa baka faɗa ba, ya kalle ni ya ce ai Baba yace maza basa kuka. Maman shi bata ce min uffan ba, kallon da ta yi min dai ya ishe ni har yau.

Daga nan na fara sauraron benci da wani kunne daban. Matata tana saida atamfa a kasuwar Kejetia, Asabar ita ce ranar cinikin ta, toh ni ke zama da yara, wata rana na zo aski da ƙaramar a kafaɗa da jakar pampas a hannu. Tun daga bakin lungu aka fara, ga mijin Hajiya nan, mijin tace ya iso, wani ya ce saura ka goya ta da zane, wani yaro da na girme ma da shekara goma sha ya ce Yaya ko dai an wanke an baka ka sha ne. Wasa ne, na sani, ni ma na yi dariya. Amma wasan nan shi ke hana mutum ɗaukar ɗan shi. Na san mutum a bencin nan da matar shi ta yi tiyatar haihuwa, tana kwance ko ruwa bata iya ɗagawa, yana so ya taimaka amma sai dare ya raba yake fitowa ɗiban ruwa a famfo kar a gan shi da bokiti. Ka je awon jarirai kowane asibiti a garin nan ka ƙirga maza nawa ne a layi. Ita kanta dokar ƙwadago ta 2003 sati 12 ta ba mace hutun haihuwa, uba kuwa ko ambaton shi bata yi ba, kaman shi aikin shi ya ƙare daga sayen rago. Abun mamaki duk mun yi makarantar allo da islamiyya, duk mun ji labarin mutumin da yazo ya ga Annabi (SAW) yana sumbatar jikan shi ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, da amsar da aka bashi akan wanda baya jin ƙai, mun kuma ji yadda idon Annabi ya zubar da hawaye ranar da ɗan shi Ibrahim ya rasu. A wa'azi kowa zai ce Allahu akbar, a benci kuma a ce ma yaro ɗan shekara huɗu mace.

Abu na biyu da yasa nake tura mutane shagon nan, wanda ban taɓa gani a wani shagon aski a Kumasi ba, shi ne na'urar awon jini. Tana cikin durowa ƙarƙashin madubi, irin mai batir ɗin nan da ake ɗaurawa a damtse. Duk wanda ya haura arba'in in ya zauna a kujera, kafin a yafa mishi ƙyalle Masta zai ce Alhaji kawo hannu, kyauta ne. Dalili kuwa yayan shi ne. Direban babbar mota ne, Kumasi zuwa Paga har Wagadugu, ƙato, irin wanda ake ce ma namijin duniya. Shekara biyu yana ciwon kai, jiri na ɗiban shi, ya sayi maganin ciwon kai a kemis ya haɗa da jiƙo ya kora, in matan shi suka ce ya je asibiti sai ya ce asibiti na mata ne da yara, shi ƙarfe ne. Yana shekara 46 ya faɗi a gareji yana ɗaure kaya, ɓarin jiki ya shanye, aka kai shi Gee, wato babban asibitin Komfo Anokye, kwana tara Allah ya karɓi abun shi. Ya bar mata biyu da yara bakwai, kuɗin makarantar su yanzu daga injin askin nan yake fita. Masta yace min likita ya faɗa musu hawan jini ne da ya daɗe, wanda da ƙwaya ɗaya kullum da safe ana iya riƙe shi.

Ranar da ya fara auna ni na ƙi, nace ni lafiyata lau. Yace haka Yaya ma yace. Na miƙa hannu, 152 bisa 96. Yace shi ba likita bane, abun da ya sani kawai in ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, kuma aka sake aunawa wata rana aka ga haka, toh a je asibiti. Ya karɓi wayata ya danna *929# ya nuna min katin inshora na lafiya ya mutu tun bara ban sani ba, a nan kujera na sabunta da momo. Yanzu ina shan magani, na rage gishiri da magi, chichinga, wato tsire, ma sai jefi jefi (wannan ɗin ne ya fi min wuya). Daga baya naji ashe a Amurka ma an gwada irin haka, a birnin Los Angeles, shagunan aski 52 na baƙaƙen fata aka haɗa da masana magani, aka fitar da sakamako a 2018 jinin mutanen ya sauka sosai, don namijin da bazai taka asibiti ba dole zai zo aski. Masta bai san da wannan ba, shi yayan shi kawai ya tuna.

Amma zo ka ga yadda benci ke yi da na'urar. Wai injin tsoro. Wai in ka auna ne ciwon ke zuwa. Mutum zai ƙi miƙa hannu a gaban abokai, sai ya dawo bayan isha'i shago ba kowa ya ce Masta ɗan duba ni. Kuma mutanen nan da ke gudun awon kyauta su ne in mai jakar maganin maza ya shigo za su kewaye shi, kwalba ba suna ba lamba ba ranar lalacewa, sidi hamsin, a shanye, don kar a ce mutum ya gaza a gida. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta sha gargaɗi akan irin waɗannan, ana samun wasu an zuba musu maganin bature a ciki ba a rubuta ba, mai ciwon zuciya ya sha ya rufta. A nan kam ina da ƙorafi da Masta kanshi, ya kamata ya hana mai jakar nan zama a ƙofar shi, na faɗa mishi yace ɗan unguwa ne yana jin nauyin shi.

Wanda bai ji nauyin su ba su ne masu ƙwaya. Akwai samari 'yan pragya da masu dako da suka so maida bayan kwantenar wajen shan tramol da wannan ja ɗin da ake ce ma Red, ya kore su da kanshi. Tramol na asibiti 50 ne ko 100, na titi kuwa 120, 225, har 250, kuma a farkon 2025 BBC ta nuna yadda ake shigo da irin su daga Indiya, har da samarin Tamale a ciki. In ka tambayi yaran me yasa, amsa ɗaya ce, ƙarfi, a yi aiki ba gajiya, a daɗe da mace, a cire tsoro. Kuma daga cire tsoron nan ne ake samun wanda ɗan siyasa zai ɗauka a mota lokacin zaɓe a kira shi macho, sunan zango ya ɓaci, uwa ta yi ta zarya ofishin 'yan sanda da kular abinci. Bayan rikicin da aka yi a zaɓen mazaɓar Ayawaso West Wuogon ta Accra a Janairun 2019 har doka aka yi ta hana ƙungiyoyin 'yan daba, amma doka bata zama a benci, a benci har yanzu wanda ya fasa ma wani kai shi ake ba kofin ataya na farko.

Ranar da na kusa daina zuwa gaba ɗaya, wani ne yake bada labari yana taƙama wai ya dawo abinci bai nuna ba ya ɗauke madam da mari biyu ta dawo hayyacin ta. Aka yi dariya, wani yace haka ne, mace sai da haka. Yarona yana zaune yana jiran layi yana ji. Nace mishi Malam wannan fa laifi ne ko a dokar ƙasa, tun 2007 akwai dokar duka da cin zarafi a gida, akwai DOVVSU, sashen da ke karɓan irin wannan ƙarar, a wajen 'yan sanda, yace toh ta kai shi mana ta ga wanda zai biya kuɗin haya. Gaskiyar shi kenan kuma ita ce abun tsoron, ya san baza ta je ba, in ta je ma dangi ne za su fara zagin ta ta tona asirin miji. Masta na cikin yi ma wani aski ya ajiye inji yace mishi Alhaji dan Allah wannan hirar a kai ta waje, akwai yara. Iyakar abun da ya faɗa kenan. Ni na so ya fi haka, amma na gane shi ma kwastoma yake lallaɓawa, bakuna goma sha ke ci daga shagon.

Akwai kuma ɗaya a cikin mutanen benci, wanda ya fi kowa barkwanci, shi ke fara tsokanar mijin Hajiya. Gobarar kasuwar Adum ta watan Maris 2025 ta cinye mishi shago ƙurmus da kayan bashi a ciki. Kullum yana benci yana ba mutane dariya, in an ce yaya yace normal, Allah na nan. Masta ne da yake taɓa kan shi duk sati biyu ya lura wuyan riga ya mishi yawa, gashi na zuba, ya rufe shago wani dare ya zaunar da shi. Abun da suka yi magana ban sani ba kuma ban tambaya ba, na dai san washegari tare suka je asibiti ɓangaren masu damuwa, kuma mutumin da bakin shi ya faɗa min daga baya cewa ya kai inda yake tunanin barin duniya. Hukumar lafiya ta duniya tace maza masu kashe kansu sun ninka mata fiye da sau biyu, a Ghana kuma sai 2023 majalisa ta cire yunƙurin haka daga laifin da ake gurfanar da mutum, kafin nan wanda ya tsira kotu ke jiran shi. Mutumin yana nan, ya fara ɗan kasa kayan waya a tebur. Ya daina ce min mijin Hajiya, sauran dai basu daina ba.

Toh ɗan'uwa in maki kake so, aski goma bisa goma, tsafta tara, fanka da layi biyar, benci kuwa ya danganta da ranar da ka je. Yana buɗewa wajen bakwai da rabi na safe har goma na dare, yana rufewa lokacin sallar Juma'a, Litinin da safe baya nan yana zuwa sayen kaya. In kai kaɗai ne je duk lokacin da ka so, ka sha ataya ka yi musun ƙwallo, ka miƙa hannu a auna ka ko ana dariya. In da yaro ne ka kai shi Talata ko Laraba wajen ƙarfe tara, lokacin 'yan bes basu tashi daga barci ba, ni yanzu haka nake yi ranar da ba makaranta. Kuma ka riƙe canji, in ka bashi ɗari sai ya aika yaro har bakin titi, kai kuma kana zaune da gashi a wuya kana jira.